Lambunan Dutsen Sina'i, Inda Fiya Ke 'Ya'ya A Tsakiyar Hamada

Idan aka ce wa manomin lambu na Kano ko na Zariya akwai wata ƙasa inda ruwan saman da ake samu a shekara ɗungum bai wuce abin da hadari ɗaya mai ƙarfi yake zubarwa a Kaduna cikin watan Agusta ba, sa'an nan aka ƙara masa da cewa a wannan ƙasa mutane suna tsinkar fiya da tuffa da inabi a bakin ɗakunansu, to ba shakka zai ɗauka tatsuniya ake yi masa. Amma kuwa ƙasar tana nan. Ita ce duwatsun kudancin Sina'i a ƙasar Masar, kewaye da wani ɗan gari da ake kira Katrin, a gindin dutsen da mutanen wurin suke kira Jabal Musa, wanda tun zamanin da ake ɗauka shi ne Dutsen Ɗuri Sina inda Allah ya yi magana da Annabi Musa.

Tun da farko ya kamata a warware wa masu karatu wani ruɗani. Abin da aka saba kira fiya a kasuwannin Nijeriya shi ne ɗan itacen nan mai maiƙo, mai babban ƙwallo a tsakiya, wanda ake kawowa daga Jos da kudancin ƙasa. Ba shi ake nufi a nan ba. Fiyar da ake magana a kanta 'yar'uwar tuffa ce, mai ƙaramin wuya da faɗin gindi kamar ƙaramin gora, mai zaƙi da ruwa, da 'yan ƙananan iri a cikinta. Larabawan Masar suna kiranta kummasara, waɗansu kuma su ce injas. Itaciyar ƙasashen sanyi ce, ana nomanta a Sin da Italiya da Faransa da Turkiyya. Abin tambaya shi ne, me ya kai ta hamada, kuma yaya aka yi ta zauna shekara da shekaru?

HANYAR ZUWA KATRIN

Mai nufin Katrin daga Alƙahira yana da tafiyar kilomita wajen 450 a gabansa. Mota takan nufi gabas, ta kurɗa ta ƙarƙashin Mashigin Suwes ta ramin da aka sa wa sunan Ahmad Hamdi, sa'an nan ta karkata kudu tana bin gaɓar teku. Ga ruwa shuɗi a hannun dama, ga rairayi da tsakuwa a hannun hagu, ba ciyawa ba inuwa. A wuce Ras Sudr, a wuce Abu Zanima, a kai Abu Rudais inda ake haƙar man fetur. Gaba kaɗan da nan ne hanya takan bar bakin teku ta shiga Wadi Firan. Wadi kuwa shi ne kwari tsakanin duwatsu, wanda yake zaune a bushe yawancin shekara, sai ran da aka yi ruwa ya zama kogi na 'yan sa'o'i.

A tsakiyar wannan kwari ne matafiyi zai tarad da dausayin Firan, wanda ya fi kowane dausayi girma a yankin, cike da dabino. Daga nan sai hawa. Mai lura zai ga dabinon yana raguwa sannu a hankali, iska kuma tana sauyawa, domin dabino itacen zafi ne, ba ya jin daɗin tudu mai tsananin sanyi. Hanya takan matse a wani mashigi tsakanin duwatsu biyu da ake kira Watiya, ta wuce hubbaren da ake danganta wa Annabi Salihu, sa'an nan ta buɗe a wani fili mai faɗi, watau filin Raha. A ƙarshensa garin Katrin yake.

Tsayin garin daga leɓen teku ya kai mita wajen 1,600, watau ya ɗara Jos nesa ba kusa ba. Jabal Musa ya kai mita 2,285. Maƙwabcinsa Jabal Katrin kuwa ya kai mita 2,629, shi ne dutse mafi tsawo a duk ƙasar Masar, kuma babu dutsen da ya kai shi a Nijeriya. Duwatsun jajaye ne, tsirara, ba ƙasa a kansu balle itace. Baƙon da ya sauka a tasha ya ɗaga kai ya dube su ba zai taɓa zaton akwai wani abu mai rai a bayansu ba.

MUTANEN DUTSE

Masu wannan ƙasa su ne Jabaliya, ma'anar sunan kuwa ita ce mutanen dutse. Larabawan ƙauye ne, Musulmi, amma asalinsu dabam yake da na sauran ƙabilun Sina'i. Tsakanin shekarar 548 da 565, Sarkin Rumawa Justiniyan ya sa aka gina wa ruhubanawan Kirista wani gidan ibada mai ganuwa a gindin Jabal Musa, wanda har yau yana nan ana ibada a cikinsa. Tarihin da aka gada ya nuna cewa sarkin ya aiko da mutum wajen 200 tare da iyalansu, rabi daga ƙasashensa na arewa, rabi daga Masar, domin su tsare gidan su yi masa hidima. Zuriyar waɗannan mutane ce ta cuɗanya da Larabawan wurin ta hanyar auratayya, ta karɓi Musulunci daga baya, ta zama Jabaliya. A cikin ganuwar gidan ibadar har akwai masallaci tun zamanin Faɗimiyyawa, wajen shekarar 1106.

Sai dai lambun ya girmi ganuwar. Wata mata mai suna Ijeriya, wadda ta taso daga yammacin Turai ta ziyarci dutsen wajen shekarar 383, ta bar bayanin cewa ruhubanawan da ta tarar sun yi mata kyautar 'ya'yan itace daga 'yan gonakin da suka dasa a gindin dutsen, a inda suka sami 'yar ƙasa kusa da ɗakunansu. Ke nan fiye da shekara 1,600 ana wannan sana'a a wurin. Ruhubanawa ne suka riƙa shigowa da irin itatuwan ƙasashensu na gaɓar Bahar Rum, Jabaliya kuma suka koyi aikin a lambunan gidan ibada, suka hau da shi can cikin duwatsu suka kafa nasu, har suka kai ɗaruruwa.

Wanda yake so ya ga waɗannan lambuna dole ya bar mota a gari. Akwai wata hanyar ƙafa mai suna Abu Jifa, wadda aka shimfiɗa da duwatsu tana lanƙwasa tana hawa, raƙuma da jakuna ne kaɗai suke bin ta da kaya. In an gama hawan aka gangara, sai a shiga Wadi Tubuƙ, daga nan a kai Wadi Zawatin, wanda ya samo sunansa daga tsofaffin itatuwan zaitun da ke cikinsa. A nan ne idon baƙo zai fara cin karo da kore. Kowane lambu katanga ce ta duwatsun da aka jera ba siminti ba yumɓu, don kare shi daga awaki da jakuna da namun daji. A ciki ga rijiya, ga ɗan kwatarniyar tara ruwa da aka gina da dutse, ga ɗan ɗaki na kwana da ajiya. Ga fiya, ga tuffa, ga rumman, ga ɓaure, ga inabi, ga zaitun. Ga kuma waɗanda ba a san su sosai a ƙasar Hausa ba, kamar lauz mai ƙwallon da ake fasawa a ci cikinsa kamar gyaɗa, da mishmish mai launin ruwan goro, da safarjal mai ƙamshi. Ƙarƙashin itatuwan kuwa ana shuka tumatir da albasa da wake da ganyayen shayi.

SANYI SHI NE SHARAƊI NA FARKO

Mutane da yawa sukan ɗauka ƙarancin ruwa ne kaɗai yake hana fiya zama a ƙasashen zafi. Ba haka ba ne. Ko da an ba ta ruwa kamar na Kogin Kwara, in ba ta sha sanyi ba, ba za ta yi abin kirki ba. Dalili kuwa shi ne, itaciya ce mai yin barci. Da shigowar hunturu takan zubad da ganyenta duka ta tsaya kamar busasshiya, kuma idanun rassanta ba za su farka su yi fure yadda ya kamata ba sai sun tara ɗaruruwan sa'o'i a cikin sanyin da bai wuce digiri 7 a ma'aunin Salshiyos ba. In sanyin ya gaza, sai ta farka a ruɗe, wani reshe ya toho wani ya ƙi, furen ya zo kaɗan kuma a warwatse, 'ya'yan su ƙi kamawa.

To, wannan sanyi shi ne abin da tsayin dutse ya ba Katrin. Da dare a watannin Disamba da Janairu da Fabrairu ruwa yakan daskare a cikin tulu, kuma dusar ƙanƙara takan sauka a kan duwatsun, kamar yadda ta lulluɓe garin kansa a watan Disamba na 2013. Da bazara kuwa rana takan yi zafi, amma dare yakan kawo sanyi, ga iska busasshiya wadda ba ta barin cututtukan ganye masu son laima su yi ƙarfi. Saboda haka abin da baƙo yake gani kamar azaba, watau sanyin da ke fasa leɓe, shi ne jarin mai lambu. Shekarar da hunturu ya yi sauƙi, shekarar ce yake zullumi.

Amma sanyin ma yana da nasa sharrin. Idan itatuwa suka riga suka yi fure, sa'an nan wani dare ɗaya mai tsananin sanyi ya komo, to furen yakan ƙone, amfanin shekara ya tafi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ba a cika lambu da itace iri ɗaya. Lauz ne yake fara fure, mishmish ya biyo baya, fiya da tuffa su zo daga baya. Daren da ya kashe na farko ba lalle ya sami na ƙarshe ba.

RUWAN DA KE ƁOYE CIKIN TSAKUWA

Ruwan saman da ke sauka a Katrin a shekara bai kai milimita 100 ba, alhali Kano takan sami fiye da 700, har Agadas ma da ake kira bakin hamada ta fi Katrin samun ruwa. Ga shi kuma ba shi da alkawari, wata shekara ya zo, wata ya ƙi. Yaya ke nan ake shayad da itatuwa?

Amsar tana jikin dutsen. Jan dutsen nan mai tauri ba ya shan ruwa. Duk ɗigon da ya sauka a kan faffaɗan bayansa gangarowa yake yi zuwa kwari, don haka ɗan siririn kwarin da ke ƙasa yakan tara ruwan da ya sauka a kan fili mai ninkin girmansa sau da yawa. Cikin kwarin kuwa tsakuwa ce da rairayi, ruwan yakan nitse ƙarƙashinsu inda rana ba ta isa ta shanye shi ba, ya riƙa tsiyaya a hankali yana bin gangare. Ruwan dusar ƙanƙara ya fi kowane ruwa albarka, domin narkewa take yi sannu sannu, ƙasa ta sha ba tare da an yi asara ba.

Akwai kuma wani sirri da masu lambu suka sani tun kafin masana ilmin duwatsu su zo su tabbatar. Wanda ya dubi jikin duwatsun zai ga waɗansu baƙaƙen jijiyoyi na wani irin dutse dabam sun ratsa su daga sama har ƙasa. Inda irin wannan jijiya ta gitta kwari, takan tare ruwan da ke tafiya a ƙarƙashin tsakuwa kamar madatsa. Mai neman rijiya sai ya haƙa a bayanta, ta ɓangaren da ruwa yake gangarowa. Shi ya sa lambunan ba a jere suke ba, nan ɗaya can biyu, kowanne yana inda dutse ya yarda.

A da, da jigo ake jan ruwan, irin wanda masu lambun fadama suka sani a ƙasar Hausa, a zuba a magudana ya bi zuwa gindin kowace itaciya inda aka yi mata ɗan kwano na ƙasa. Yanzu baƙin tiyo na roba ya maye gurbinsa. Akan jawo ruwa daga rijiyar da ke sama da lambu ya gangaro da kansa, waɗansu kuma suna amfani da injin famfo. Ƙasar lambun ma sau da yawa ɗauko ta aka yi daga wani wuri, aka haɗa da takin awaki.

Ruwan da ke rayad da lambu shi ne kuma yake rushe shi. In hadari ya fashe a kan duwatsun, kwari yakan cika cikin ɗan lokaci da ambaliya mai turo manyan duwatsu. Don haka magina sukan bar kafofi a gindin katanga domin ruwa ya shiga ya fita, ya bar laka mai taki. Duk da haka wata ambaliyar takan kayad da katanga ta binne rijiya, sai a sake tun daga farko. Hausawa sun ce mai haƙuri shi kan dafa dutse, to a nan maganar ta kusa zama zahiri.

AUREN FIYA DA ZA'ARUR

Abu na uku shi ne ya fi ban sha'awa. A cikin kwaruruwan Sina'i akwai wata itaciyar daji mai ƙaya da ake kira za'arur, mai 'yan jajayen 'ya'ya ƙanana, kusan kamar magarya a ido. Ba wanda ya shuka ta, ba wanda yake ba ta ruwa, saiwarta ta san yadda take kutsawa cikin tsagar dutse ta nemo laima. Ita da fiya da tuffa da safarjal kuwa dangi ɗaya ne a wajen masana tsirrai. Jabaliya sun gano cewa in aka yi wa za'arur aure da reshen fiya, yakan kama.

Aikin bai bambanta ƙwarai da auren mangwaro ko na lemo da masu lambu suka sani a nan gida ba. A ƙarshen hunturu, kafin itatuwa su farka, akan yanko ɗan reshe mai idanu daga fiyar da aka san daɗinta, a fere gindinsa. Sai a datse za'arur, a tsaga shi, a cusa reshen yadda ɓawo zai haɗu da ɓawo, a ɗaure tamau, a rufe tsagar don kada iska ta busad da ita. In Allah ya sa ya kama, bayan 'yan shekaru sai ga itaciya mai saiwar daji da kan gida. Ƙasanta yana jure fari da tsakuwa, samanta yana ba da fiya. Haka kuma suke yi wa ɓauren daji aure da ɓaure mai zaƙi.

Akwai wani dalili da ya sa auren ya zama tilas. Idan aka shuka irin fiya, itaciyar da za ta fito ba za ta zama kamar uwarta ba, sau da yawa 'ya'yanta ƙanana ne masu bauri. Hanyar da aka saba bi wajen riƙe wani nau'i mai kyau ita ce a ɗauki reshensa mai rai a ɗora a kan wata saiwa. Ke nan kowace tsohuwar fiya da ke cikin waɗannan lambuna reshe ce na wata da ta gabace ta, ita ma reshen wata, hannu zuwa hannu, kaka da kakanni. Ba a ajiye ta a rumbu kamar gero. In itaciya ta ƙarshe ta wani nau'i ta bushe ba a ɗebi reshenta ba, nau'in ya tafi ke nan har abada.

FIYAR HUNTURU DA AYARIN RAƘUMA

A cikin nau'o'in da ake da su, wadda ta fi suna ita ce shitwi, watau ta hunturu. Ba a barin fiya ta nuna a kan itaciya, domin in an bar ta cikinta yakan lalace tun waje yana da kyau. Akan tsinke ta da kaka tana da tauri, a jera a ɗakin dutse mai sanyi, ta riƙa laushi a hankali. Wannan hali nata shi ya ba ta daraja a zamanin da babu mota babu firiji, domin tana iya jure tafiyar raƙumi.

A wancan zamani iyali sukan hau dutse da bazara su tare a lambu, mata da 'yan mata suna kiwon awaki a kewaye, maza suna ban ruwa da gyaran katanga. Mishmish ne yake fara nuna, sai ɓaure da inabi, sa'an nan rumman da safarjal da fiya. Abin da ba a ci ba akan shanya shi. Da sanyi ya matso sai a gangara zuwa wurare masu ɗumi. Maza kuma su ɗora wa raƙuma lauz da fiya da busassun 'ya'yan itace da gawayi, su nufi tashar jiragen ruwa ta Ɗur, ko Suwes, ko Alƙahira, su sayar su sayo alkama da sutura. Dutsen ba ya ba da hatsin da zai ciyad da mutanensa, saboda haka lambu shi ne yake sayo tuwo.

ZAMANI YA JUYA

A yaƙin watan Yuni na 1967 Isra'ila ta mamaye Sina'i, ba ta mayar wa Masar da yankin Katrin ba sai a 1979, sauran Sina'in kuma a 1982. A cikin waɗannan shekaru da waɗanda suka biyo baya aka shimfiɗa hanyoyin mota, aka buɗe makaranta da ɗakin shan magani, aikin albashi ya samu a wajen gine-gine da rijiyoyin mai da yi wa masu yawon buɗe ido jagora. Mutane suka taru a gari. Mota ta fara kawo 'ya'yan itace masu araha daga gonakin bakin Kogin Nilu. Wanda zai sami kuɗin wata guda ta hanyar ɗora baƙi a raƙumi zuwa kan Jabal Musa, da wuya ya yarda ya shafe bazara yana jan ruwa saboda 'yan kwanduna na fiya.

Duk da haka ba a yar da lambunan gaba ɗaya ba. Wani masanin halayyar al'umma mai suna Emanuel Marx, wanda ya daɗe yana nazarin Larabawan kudancin Sina'i, ya lura cewa suna ci gaba da kashe kuɗi da ƙarfi a kan lambunan da ribarsu ba ta taka kara ta karya ba. Bayanin da ya bayar shi ne, lambu a wurinsu madogara ce ta ranar wuya. Sun ga gwamnatoci sun zo sun wuce, sun san albashi yana iya yankewa dare ɗaya, kamar yadda ya faru lokacin yaƙin watan Oktoba na 1973. Abin da ya biyo baya ya gaskata wannan tsoro nasu. Baƙi sun ɗauke ƙafa bayan juyin juya halin Masar na 2011, suka sake ɗaukewa bayan faɗuwar jirgin saman Rasha a Sina'i ran 31 ga Oktoba na 2015, sa'an nan annobar korona ta rufe hanyoyi a 2020.

Sai dai madogara irin wannan tana da sharaɗi. Ba a ajiye lambu kamar zinariya a dawo a same shi yadda aka bar shi. In mai shi ya daina hawa, rijiya takan cike da tsakuwa, katanga ta ɓalle a wani gefe, awaki su shiga su ɓare ɓawon itatuwa. Zaitun da lauz sukan daɗe suna jurewa, amma fiya da tuffa ba su da wannan juriya. A farkon ƙarnin nan an yi shekaru a jere na fari, rijiyoyi da yawa suka ja baya, kuma mai tafiya a kwaruruwan nan yakan wuce katangar da babu kome a cikinta sai busassun kututture, kusa da wata da ke kore shar. Dutse ɗaya, sanyi ɗaya, ruwan sama ɗaya. Bambancinsu shi ne ɗaya tana da mai zuwa.

Gwamnatin Masar ta ayyana yankin a matsayin gandun da doka ta kare a 1988, Hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Masu bincike daga Jami'ar Nottingham ta Ingila sun nuna cewa tsirrai da ƙudan zuma na daji da tsuntsaye sun fi yawa a cikin lambunan a kan filin da ke wajensu, watau katangar da aka gina don fiya ta zama mafaka ga waɗansu halittu. A 2021 kuma gwamnati ta fara wani gagarumin aiki da ta kira Tajallil A'azam, na gina masaukan baƙi da gidaje da hanyoyi a garin da filin Raha, tare da faɗaɗa filin jirgin sama. A 2023 UNESCO ta nuna damuwarta game da yadda gine-ginen za su shafi wurin. Masu goyon bayan aikin suna duban ayyukan yi da kuɗin shiga. Ta fuskar lambu kuwa tambayoyi biyu ne. Na farko, ina ruwan da zai ishi dubban baƙi zai fito? Na biyu, in samari sun sami aiki a masauki, wa zai koyi aure da gyaran rijiya daga bakin dattawa?

ABIN DUBAWA DAGA NAN GIDA

Kada mai karatu a Katsina ko Maiduguri ya gama wannan labari ya tafi neman dashen fiya. Sanyin hunturunmu bai kai abin da take bukata ba, kuma ba a sayen sanyi a kasuwa. Wurin da ya fi kama da Katrin a kusa da mu shi ne duwatsun Azbin a Jamhuriyar Nijar, inda mutanen Timiya suke noman lemo da rumman a cikin kwaruruwa, da ruwan rijiyoyin da ke ƙarƙashin rairayi, su kai kasuwar Agadas. Su ma tsayin dutse da ɓoyayyen ruwa ne suka ba su abin da filin hamada ya hana maƙwabtansu.

Abin da ya kamata mai dashen itace a busasshiyar ƙasa ya ɗauka daga Jabaliya shi ne tsarin aikinsu. Sun fara da sanin inda ruwa yake bi kafin su aza katanga. Sun nemi saiwa a cikin itatuwan da ƙasar ta riga ta yarda da su, sa'an nan suka ɗora baƙon reshe a kai. Sun haɗa itatuwa iri iri don kada dare ɗaya ya talauta su. Bayan wannan duka, sun san cewa dasawa ita ce mafi sauƙin aikin, komawa kowane mako shi ne mai wuya.

A watan Fabrairu, lokacin da farar ƙanƙara take kan Jabal Katrin, fiyar Wadi Zawatin ba ta da ganye ko ɗaya, baƙo zai rantse ta mutu. A lokacin ne mai lambu yakan kama hanyar Abu Jifa da wuƙa a aljihu da 'yan rassa naɗe cikin jiƙaƙƙen tsumma, yana neman za'arur ɗin da zai yi wa aure. Itaciyar da zai haɗa ran nan sai ta yi shekaru kafin ta ba da kwandon farko, kuma in an kula da ita za ta iya kai wa jikokinsa.